Ƙarni a Gugar Kawu

Kawuna mai guga ne, matarsa kuma mai gyaran kifi ce a kasuwa, kuma har yau ban samu wanda ya iya yi mini bayanin yadda aka yi auren nan ya yiwu ba. Mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwarsa, ta ce lokacin da yake neman auren wata muguwar mura ce ta toshe masa hanci wata uku cur, sai bayan sun tare hancin ya buɗe. Ban rantse da wannan ba, don mahaifiyata ba ta barin labari ya wuce ta ba ta ƙara masa gishiri ba. Abin da na sani shi ne sun yi shekara arba'in da ɗoriya tare, Allah bai ba su haihuwa ba, ni ce kusan 'yar gidan.

Shagon Kawu shi ne ɗakin gaba na gidansu, ƙofarsa na kallon titi. A ciki akwai dogon tebur da aka shimfiɗa wa bargo biyu da farin ƙyalle, da dutsen guga na lantarki, da na gawayi don ranar da aka ɗauke wuta, da kabad mai gilashi inda yake jera kayan da ya gama. A gefen teburin kuma akwai wani kofin ƙarfe da ba mai taɓawa sai shi. Da wannan kofin yake aikin da ya yi suna da shi. Zai kurɓi ruwa ya cika kumatu, ya ja da baya taki ɗaya, ya fesa wa rigar da baki, feshi siriri wanda ba ya barin ɗigo ko ɗaya, sannan ya ɗora dutse. Sau uku ina kawo masa kwalbar feshi ta roba, sau uku yana mayar mini. Ya ce kwalba ba ta san bambancin auduga da siliki ba, shi kuwa bakinsa ya sani.

Mutumin da sana'arsa ke fita daga bakinsa dole ya kula da abin da ke shiga bakin, in ji shi. Ba ya cin albasa ɗanya, ba ya cin tafarnuwa, kifi kuwa ko sunansa aka ambata sai ya rufe kabad. Tun shekarar farko ta aurensu ya sayi fenti ruwan ɗorawa ya ja layi a tsakar gida, daga bango zuwa bango. Ta can akwai kicin, da famfo, da igiyar da Inna, matar tasa, ke shanya kayan aikinta. Ta nan akwai shago da ɗakin kwana. A kan layin kullum akwai roba da ruwa, da sabulu, da lemun tsami a yanke biyu. In Inna ta dawo daga kasuwa sai ta cire rigar aikinta ta leda ta rataye a can, ta yi wanka, ta goge hannu da lemun tsami har gwiwar hannu, sannan ta tsallako gidan mijinta. Tukunyar miya ma biyu ce, da cokali biyu, kuma nasa ya ɗaura wa jan zare.

Kada wani ya ɗauka Inna abar tausayi ce. Mace ce mai faɗin kafaɗa da murya, wadda in ta ɗora kifi a kan katako ta kankare ɓawo, ta fasa ciki, ta zare ƙaya, kafin ka gama gaisuwa ta miƙo maka. Tana duban idon kifi ta faɗa maka jiya ya mutu ko shekaranjiya. Layin nan dariya yake ba ta. Takan tsaya a bakinsa da yamma ta ce wa Kawu, Malam, ga baƙuwa daga ƙasar waje, a duba mata takardu. Shi kuma sai ya zo da gaske ya sunsuna hannunta, wani lokaci ya ce a ƙara lemo. Na daɗe ina jin haushin wannan a madadinta, har na girma na gane cewa a duk yinin nan lokacin ne kaɗai yake riƙe hannunta, kuma ba ya saurin saki.

Yana da shekara sittin da uku zuciyarsa ta yi masa gardama. Ya ɗauko ƙunshin zannuwan gado zai ɗora a tebur, ƙirjinsa ya riƙe, ya zauna a ƙasa a hankali don kada kayan su yamutse. Kwanansa tara a asibiti. Ranar sallama likita ya rubuta masa magunguna, ciki har da na tsinka jini don kada ya daskare ya toshe hanya, ya ce ya rage gishiri, ya riƙa tafiya da ƙafa, ya kuma riƙa cin kifi sau biyu a mako, domin man da ke jikin kifi yana taimaka wa zuciya da jijiyoyi. Kawu ya tambaya cikin ladabi ko zai iya ninka tafiyar a yafe masa kifin. Inna ta yi dariya har da riƙe ƙarfen gado, karo na farko a kwana tara.

Washegari ta shigo gida da kifi mafi girma da aka sauke a kasuwa ranar, mutum biyu suka kama mata. Ta dafa tsokar bayansa ta kawo bakin layi. Kawu ya leƙo daga shago, ya dubi kwanon, ya ce shi dai da ya rayu yana ƙarni gara ya mutu da tsabtarsa. Ya faɗa ne da wasa, irin wasansu na kullum, amma wannan karon ba ta rama ba. Ta ɗauki kwanon ta koma kicin, na bi ta na same ta zaune a kan turmi tana kuka ba sauti. Ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar. Tsoro take ji, tsoron mutumin nan zai mutu ya bar ta alhali maganin yana wucewa ta hannunta kullum tun safe har yamma.

A nan ni na shigo labarin, kuma ba shigar kirki ba. A kantin sayar da magani nake aiki, amma ba ni ce mai haɗa magani ba, ni dai ina tsaye a kantar sayarwa, abin da aka nuna nake miƙowa. Ranar Litinin sai ga Kawu ya shigo, ya ja hula har gira kamar wanda ake nema. Ya jira kantin ya watse, sannan ya sunkuyo ya ce wani mai kawo masa guga ya ba shi labarin wai akwai man kifi da ake ɗurawa a 'yan ƙwayoyi, a haɗiye ba tare da harshe ya sani ba. Na ɗauko masa kwalba. Ya ɗaga ta a haske, ya ga ƙwayoyin rawaya garau, ya ce ai waɗannan sun fi kifin kansa tarbiyya. Ya sa ni na rantse ba zan faɗa wa Inna ba, domin in ta ji, shekara arba'in na gardama sun tashi a banza.

Ranar Alhamis sai ga Inna, ita ko ɓoye fuska ba ta yi ba. Ta ce ta ji labarin ƙwayoyin nan a wurin wata mai sayen kifi, in ba ta kwalba biyu. Za ta riƙa huda su da allura tana matsewa a miyarsa, ta rufe da barkono. Ita ma ta sa ni na rantse. Da na yi abin da ya kamata, da na juya na tambayi mai haɗa maganinmu, wanda ke zaune taki huɗu a bayana, ko man nan yana tafiya da maganin tsinka jini. Ban tambaya ba. Abin ya ba ni dariya, ya kuma burge ni, na koma gida ina jin kaina kamar mai riƙe da sirrin duniya. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

A jikin kwalbar an rubuta ƙwaya ɗaya a rana. Ba wanda ya bi wannan a cikinsu, kuma kowa da hujjar sana'arsa. Kawu ya lissafa abin kamar sitaci: rigar yau da kullum cokali ɗaya, rigar da za a shiga taro da ita a ninka, to zuciya kuwa ai ta wuce rigar taro. Ya riƙa haɗiye huɗu kowace safiya, a bayan kabad, da ruwan kofinsa na feshi. Inna kuma ta ɗora ƙwaya ɗaya a tafin hannu ta dube ta da idon wadda ta san nauyin kifi, ta ce wannan ko idon kifi ba ta kai ba, an raina wa mutane hankali. Ta riƙa matse uku da rana, uku da yamma.

Hancin Kawu da ke jin ƙarni daga tsallaken titi bai kama miyar ba, kuma dalilin mai sauƙi ne. Tun daga ranar farko gyatsar kifi ke taso masa, don haka duk abin da ya ji a miya sai ya ɗauka daga cikinsa yake fitowa, ya sunkuyar da kai ya cinye da sauri. Inna kuwa in ta ji numfashinsa sai ta ɗauka aikin allurarta ne, ta kawar da fuska tana addu'a kada ya gane. Haka suka zauna suna cin abinci, kowa yana satar kallon ɗan'uwansa.

Mako biyu da farawa kaya suka fara magana. Man da ke tasowa a gyatsa yana bin ruwan feshi, ya sauka a riga, dutse mai zafi ya bi ta kai ya gasa shi cikin zare. Wanda ya fara kawo ƙara shi ne Hedimasta, tsohon mai kawo guga, mutum mai fararen riguna shida da tafiya ta ƙasaita. Ya ce maguna uku sun raka shi daga ƙofar gida har makaranta, ɗaya ta shiga ofis ta zauna a kan takalminsa yana tsakiyar yi wa malamai faɗa. Wani direban bas ya ce fasinjoji sun sa shi ya tsaya an ɗaga kujeru ana neman wanda ya ɓoye kifi. Wani ma'aikacin banki ya ce matarsa ta tsare shi da tambayar gidan wa yake cin abinci. Maguna suka gano tushen abin, suka riƙa jeruwa a ƙofar shagon tun da safe, a natse, kamar masu jiran a buɗe ofis.

A bainar jama'a Kawu ya ɗora laifin a kan iska. Ya ce ta sauya hanya, tana kwaso ƙarni daga igiyar Inna. Ya sayi sabon fenti ya matsar da layin taki ɗaya cikin ɓangarenta, ya ƙara lemun tsami ya zama biyu. Duk wanda ya san Inna zai jira a yi tashin hankali, amma sai ta ce to Malam, ta ma riƙe masa gwangwanin fentin. Wannan biyayya ta dame shi ƙwarai, don ya san ba ta da laifi, sai ya je ya sayo mata sabuwar wuƙa mai ƙotar katako. Wuƙar ta dame ta, don ta san tana da laifi, sai ta saƙa masa hular sanyi. Maƙwabta suka ce ba su taɓa ganin zaman lafiya irin na watan nan a gidan ba.

Don ya kashe gyatsar, Kawu ya koma tauna kanumfari da citta kafin ya kurɓi ruwa. Ƙarnin bai tafi ba, gyara shi aka yi. Kayan suka koma ƙamshin kifin da aka dafa da kayan ƙamshi. Direban bas ya ce shi yanzu ba shi da ƙorafi, sai dai in ya sa rigar yunwa ke kama shi tun ƙarfe goma.

Ina jin duk wannan ina dariya a bayan kanta. Amma akwai abin da ba na dariya ba, kuma dukanmu mun gani mun yi shiru. Wani shuɗin tabo ya fito a dantsen Kawu inda ya ɗan bugi ƙofar kabad, ya ƙi ɓacewa. In ya goge haƙora sai ya tofar da ja. Shi ya ce tsufa ne, Inna ta ce buroshin ne ya yi tauri, ni kuma na ce wa kaina rantsuwa rantsuwa ce.

Ranar wata Laraba da hantsi na biya shagon, na same shi ya shimfiɗa farar rigar Hedimasta ya cika kumatu. Ya fesa, sai ɗigo ja ya sauka a kan aljihun, wani ya biyo. Haɓo ne. Abin da ya fara cewa shi ne in kawo ruwan sanyi da gishiri kafin tabon ya zauna. Na zaunar da shi na matse masa hanci, ya ɓata hankici biyu da tawul, jinin bai tsaya ba. Minti ashirin, minti talatin, fuskarsa ta fara yin fari. Na roƙi mai shagon kusa ya buga wa Inna waya, ya kuma nemo mota.

Da gudu ta zo daga kasuwa, ta ƙofar baya, da rigar ledarta a jiki, ɓawon kifi manne a hannunta har gwiwa. Ta tsallake layin ko kallonsa ba ta yi ba, ta yi fatali da robar lemun tsami, ta ture ni, ta kama hancinsa da yatsun da ta gama fasa cikin kifi da su. Shekara arba'in ana tsare hancin nan daga hannun nan. Ya ɗago ido ya dube ta, ya ɗora hannunsa a kan nata har muka isa asibiti.

Bayan an cusa masa auduga an ɗebi jini an auna, likita ya ce jinin ya tsinke fiye da yadda ake so, ya tambaya ko yana shan wani abu ban da abin da aka rubuta masa. Kawu, da muryar mai toshewar hanci, ya ce yana ɗan haɗiyar man kifi, huɗu da safe.

Inna ta juyo a hankali. "Kai ne ashe?"

Likita ya fara rubuta huɗu, sai ta ce ya dakata, ya ƙara shida a kai.

"Ke ce ashe," in ji Kawu. "A miyata?"

"A miyarka, da cokalinka mai jan zare."

Likita ya ajiye biro ya tambayi wa ya sayar musu. Na ɗaga hannu kamar 'yar makaranta. Kallon da ya yi mini har yau ina jin sa a wuyana.

Bai yi faɗa ba, bayani ya yi, kuma ya fi faɗa ciwo. Ya ce ba zai rantse man ne kaɗai ya jawo ba, amma mutumin da ke kan maganin tsinka jini ba ya ƙara komai a kai sai ya tambaya, balle ninki goma na abin da aka rubuta. Ya ce man in ya yi yawa haka yana iya rikita bugun zuciyar da ake son gyarawa. Shi kifi ya ce a ci, a kwano, sau biyu a mako: ƙanana masu maiƙo, a dafa ko a gasa, ba a nutsar da su a mai ba. Manyan nan masu cin 'yan'uwansu kuwa a rage, domin shekarun da suka yi a ruwa suna tara guba a jikinsu. Nan Inna ta ɓata rai a madadin manyan kifaye, ta ce ita ba ta taɓa fasa ciki ta ga guba ba. Likita ya ce ba a ganinta da ido. Ta ce to, amma ba ta yafe masa ba.

Da ya fita, Kawu ya ce mata da ta kashe shi da ƙauna. Ta ce shi ma ai ya taimaka. Sai ya tambaye ta me ya sa ta yi, tunda ta san halinsa. Ta dubi hannunta, ɓawon ya bushe a kai, ta ce, "Malam, in ka tafi wa zai duba mini takardu?"

Daga nan aka shiga sabon tsari. Talata da Asabar Kawu yana cin kifi, amma a kan layi: kujera a ɓangarensa, ɗan tebur a ɓangarenta, wuyansa kaɗai ke tsallakawa. Inna ke zare ƙaya ɗaya bayan ɗaya, domin ta ce ba za ta ƙwato shi daga zuciya ƙaya ta ɗauke shi ba. Kowane ci sai ya yi mita, kowane ci sai ya share kwanon. Ranakun nan da washegarinsu da kwalbar feshi yake aiki, yana riƙe ta nesa da jiki kamar abin aro. Maguna suka yi mako guda suna zuwa, suka ga ba labari, suka watse. Rigar Hedimasta ma ta fita tas, don kafin mu hau mota sai da Kawu ya tabbatar na jiƙa ta.

Ko kifin ne, ko maganin ne, ko tafiyar safe ce, ko taurin kai, zuciyar nan ta ci gaba da aiki. Inna ce ta riga shi, a shekara ta tara da fara ciwonsa, bayan zazzaɓin kwana huɗu, ita da ba ta taɓa kwana a asibiti ba sai don jinyarsa. Na ji haushin wannan ƙwarai, har yau ban gama hucewa ba. Allah ya jiƙanta.

Bayan wata guda na je kwashe kayanta. Na haɗa wuƙaƙe da katako da takalman roba, na nemi rigar ledar da zanen da take ɗaurawa a ƙarƙashinta, ban gansu a igiya ba. Ina cikin nema sai ga Hedimasta, ya yi ritaya amma rigunan suna nan shida, yana cewa a ƙofar shago wai abin nan na da ya dawo, jiya mage ta bi shi har wurin aski. Na buɗe kabad in ɗauko masa kayansa. A tsakiyar fararen riguna, a shiryayye na sama, ga zanen aikin Inna da rigar ledar a naɗe a ciki. Ba a wanke shi ba. An dai goge shi, an fitar masa da kari a kowace kusurwa.

Hedimasta ya buɗe baki zai yi magana, muryar Kawu ta fito daga tsakar gida. Ranar Talata ce, yana can ɓangarenta, tsugune a bakin famfo da 'yan kifaye uku da sabuwar wuƙar nan da ta tsufa, yana fasa ciki a karkace, ɓawo har goshinsa.

"Nan zai zauna," ya ce. "Wanda ƙarnin ya dama ya kai gugarsa wani wuri."

Hedimasta ya karɓi rigunansa ya rungume, ya ce zai kawo na mako mai zuwa ranar Alhamis. Ni kuma na naɗe hannun riga na tsallaka layin, na nuna wa Kawu inda ake fara zare ƙaya.